Masu Dafi na Ƙasar Arewa

Ranar 16 ga Afrilu 1899 sojojin Kyaftin Paul Voulet suka auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. Lissafin da Faransawan suka yi da kansu ya nuna sun ƙone harsashi wajen 7,000 a wannan yini, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Rundunar ta taso tana ƙona garuruwa tun daga bakin kogi, kuma bayan mako uku za ta yi wa Birnin Konni kisan da har gobe ba za a manta da shi ba. Amma a Lugu sai da ta yi gumi, ga shi kuwa abin da ke hannun yawancin mutanen garin baka ne da kwari. Ita kibiya a karan kanta ba abar da za ta tayar wa mai bindiga hankali ba ce. Baƙin abin da aka yaɓa a wuyanta shi ne ke sa sojan da ta ɗan ƙwarzane a cinya ya fara salati.

Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun kai sunan Sarauniya duniya, kuma ta cancanta. Ni dai hankalina yana kan waɗanda suka dafa wa 'yan bakanta dafi, domin dangin uwata maharba ne daga wani ƙauye tsakanin Matankari da Bagaji, kuma ni kaina aikin likitan dabbobi na yi a Dogon Dutsi da Tibiri har na ajiye. Mai wannan aiki ba ya rabuwa da guba: yau tunkiya ta ci abin da bai kamata ba, gobe saniya ta kumbura a bakin fadama.

Ga mai karatu na Kano ko Zariya, Arewar da nake nufi ita ce ƙasar Arawa da Gubawa, wadda ke kwance cikin Dallol Mawri a jihar Doso ta Nijar. Gubawa ne 'yan ƙasa na fari, su ne masu Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Arawa suka zo daga baya da sarauta, suna danganta kansu da Borno. A ƙarni na 19 ƙasar ta zauna tsakanin wuta biyu, Gwandu da Sakkwato daga gabas, Abzinawa masu kai hari daga arewa. Da Kabi ta yi tawaye a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, Samna Karhe na Tibiri yana cikin waɗanda suka haɗa kai da Kabawa da Zabarmawan Doso. Doki da lifidi na 'ya'yan sarauta ne. Talaka manomi bakansa ne dokinsa, kuma duk garin da ke son ya kwana cikin ganuwarsa sai ya sami mai dafi, ko ya san inda zai aika a sayo.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1826 Baturen nan Clapperton ya bi Sarkin Musulmi Bello yaƙin Gobir, ya ga yadda barade ke naɗe kansu da dawakinsu cikin lifidi mai kauri saboda tsoron kibau masu dafi. A Burmi, cikin Yulin 1903, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban sojan Ingila a wannan karon. Tun daga Borgu har Gongola, makamin talaka ke nan.

Uwar dafin ita ce kwankwani, wata kurangar daji mai fure da dogayen jela, wadda ke fitar da kwanso biyu a haɗe, cike da 'ya'ya masu gashi. Ta fi son kudu, inda ƙasa ke da laima, shi ya sa namu maharban sukan samo ta ta hannun fatake masu zuwa Dandi da Borgu, ko su tafi da kansu bayan kaka. A wasu ƙasashen har dasa ta ake yi a bayan gida. Kowane gidan maharba yana da nasa haɗin da yake ƙarawa: wani ruwan tumfafiya, wani ƙaron tinya ko kariya, wani kan maciji, wani ruɓaɓɓen abu. Yawancin waɗannan ƙarin ko dai su sa dafin ya kama ƙarfe, ko su sa rauni ya ci, ko kuwa su tsorata mai kallo kawai. Aikin kashewa na kwankwani ne.

Ba a dafa shi cikin gari. Can bayan gari ake kafa murhu, da tukunya sabuwa wadda ba za ta sake shiga gida ba. Mace ba ta kusantar wurin, mai janaba ma haka, kuma mai dahuwar yakan tsaya ta inda iska ke fitowa. Mutanen yanzu sukan kira wannan camfi, ni kuwa ina ganin rabinsa dokar tsaro ce wadda aka sa wa rigar tsafi don a ji tsoron karya ta.

Kakana na wajen uwa ya riga ya bar farauta tun kafin in yi wayo, amma kwarinsa yana rataye a can ƙuryar rumbu, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Sau da yawa na gan shi ya sauko da shi bayan damina don ya duba ko gara ta shiga. Kafin ya buɗe sai ya ce in miƙo hannuwana. Yakan juya su ciki da baya, ya duba tsakanin yatsu, in ya ga ko da kaushi ne ya tsage sai ya ce, "Kai maƙiyina, ja da baya, yau ba ranarka ba ce." In hannun lafiya lau ne sai in tsuguna gefensa. Kiban gajeru ne, na kyauro, ba gashin tsuntsu a gindinsu. An naɗe kan kowace da 'yar fata. In ya warware sai ka ga tsinin ƙarfen fes, ba komai a kansa, dafin yana ƙasa da kunnuwan kibiyar, a kan zaren da aka naɗa wa wuyanta, baƙi ƙirin, ya bushe ya tsattsage kamar ƙanzon tuwo. Na tambaye shi dalilin da ya sa ba a shafa wa tsinin. Ya ce tsini aikinsa buɗe ƙofa, in ka ɗora masa kaya fata za ta share shi a waje.

Shi ne kuma ya ba ni labarin gwaji, wanda daga baya na gane shi ne zuciyar sana'ar. Ba a ɗaukar sabon dafi a tafi daji ko yaƙi da shi sai an gwada. Akan kamo kaza, a ɗan tsaga mata cinya, a shafa kaɗan, a sake ta, mai dafin yana bin ta da ido yana ƙirga takunta. In ta yi nisa tana kiwo, dahuwar ba ta yi ba, a koma murhu. In ta yi 'yan taku ta tsaya, ta buɗe baki, ta kife, to an samu. Tsohon dafi ma, wanda ya shekara a kwari, haka ake sake gwada shi. Wannan awo ne na ƙarfin magani a jikin dabba mai rai, kuma ko a Turai wajen 1900 masu haɗa maganin zuciya ba su da wata dabara da ta wuce ta, illa dai su agogo suke dubawa, suna rubutawa.

Maharba sun san wani abu kuma da ya daɗe yana ɗaure wa baƙi kai. Naman da aka kashe da dafi ana cin sa. A yanke kewayen inda kibiya ta shiga a jefar, sauran a gasa. Dalilin shi ne gubar kwankwani ba ta ratsa hanji sosai, sai ta hanyar jini take da saurin kisa. Batun makari kuwa, kowane gida yana da nasa, ana sha ana shafawa, ana kafa ƙaho a tsotse raunin, ana ɗaure sama da shi. Abin da na yarda da shi cikin waɗannan shi ne gaggawar zare kibiya da tsotse wurin. Wanda dafi sabo ya shige shi da yawa, babu garin da aka daka da zai tayar da shi, kuma kakana bai taɓa yi mini musun wannan ba. Abin da yakan ce shi ne makarin gaske garkuwa ce.

Akwai wata gubar da ba ta farauta ba, ta shari'a. Bahaushe ya san shan gwaska, wato a jiƙa ɓawon wani babban itace na kurmin kudu a ba wanda ake zargi da maita ko sata. In ya amayar ya kuɓuta, in ta zauna masa ya mutu da laifinsa. A Arewa muna da namu alƙalin, dutsen Tunguma na Lugu, wanda ake kai wa ƙara ya nuna mai gaskiya, don haka gwaska a wajenmu ta fi yawa a baki da labarin fatake. Ɗan'uwanta samberu kuwa makiyayan da ke gangarawa kudu da rani sun san shi sarai, domin ganyensa kaɗan ya isa ya kwantar da tunkiya.

A nan ne masana suka raba abin da mu muka haɗa. Gubar gwaska da ta samberu da ta zaƙami suna cikin dangin da ake kira alkaloyid, sinadarai masu ɗaci da tsiro ke yi don kare kansa, dangin su kinin da nikotin na taba da mofin. Ta kwankwani da tumfafiya da kariya wani dangi ne daban, gilikosid masu kama zuciya. Abin mamaki, ta gwaska ko da yake alkaloyid ce, wurin da take kamawa a zuciya shi ne inda kwankwani ke kamawa. Faransawa biyu, Gallois da Hardy, suka tace ta daga ɓawon a tsakiyar shekarun 1870.

Hanyar da gubobin Afirka suka bi suka shiga ɗakin bincike ta fara ne daga Kalaba. Can akwai wani wake da ake ba wanda ake zargi, irin aikin gwaska. 'Yan mishan na Sikotilan suka aika da shi Edinbara, inda Farfesa Robert Christison ya ci wani yanki a 1855 don ya ji da jikinsa. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya shanye ruwan sabulun askinsa ya yi amai, da ƙyar ya sha. A 1864 aka tace alkaloyid ɗin waken, fisostigmin. Wani matashin likita, Thomas Fraser, ya shafe shekaru yana yi wa zomaye allura: wannan a ba shi gubar waken ita kaɗai, wancan a haɗa masa da atirofin, wato irin gubar da ke cikin zaƙami. Ya nuna da lissafi cewa ɗaya tana karya ɗaya, ya kuma nuna iyakar da in an wuce ta, su biyun sai su taru su kashe. Har yau, in aka kawo yaron da zaƙami ya haukata asibitin da ke da kayan aiki, maganin da ke dawo masa da hankali shi ne na waken shari'ar Kalaba.

Shi dai wannan Fraser shi ne ya ɗauki kwankwani. John Kirk, likitan tafiyar Livingstone a kogin Zambezi, ya ajiye 'ya'yan wata 'yar'uwarta cikin aljihu ɗaya da burushin haƙoransa. Da ya goge baki ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Fraser ya gwada ta a kan kwaɗi da zomaye, ya ga zuciyar kwaɗo tana matsewa ta tsaya cik a dunƙule, a 1885 kuma ya gabatar da ita ga likitoci a matsayin maganin zuciyar da ta gaji. Ba a daɗe ba kamfanoni suka fara sayen 'ya'yan buhu-buhu.

Da mulkin mallaka ya iso mana, likitocin soja suka shiga tara kibau, ba don son ilimi kaɗai ba, mutanensu ake kashewa. Likitocin sojan ruwan Faransa sun kankare dafin kiban arewacin Dahome a shekarun 1890 sun yi wa dabbobi allurarsa. A 1908 wani ɗalibi a Kambirij, George Mines, ya buga bincike kan dafin kiban Tibi na Binuwai, ya kwatanta shi da gubar kwankwani da aka tace. Likita Dalziel kuwa, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, shi ne ya bi ƙauyuka yana tambayar sunayen itatuwa, ya fitar da ƙamus ɗin tsirran Hausa a 1916. Duk wanda ke neman sanin wane tsiro ne kwankwani ko samberu a harshen masana, ta ƙofarsa yake shiga. Sunayen maharba da bokayen da suka gaya masa kuwa, sun tafi tare da su.

Wani darasi da ɗakin bincike ya koya da wuya shi ne dabba ba ɗaya ba ce. Da farko da kwaɗi ake awon maganin zuciya, sai aka ga kwaɗon rani daban da na hunturu. A 1910 Hatcher da Brody a Amurka suka koma ga kyanwa, ana ɗiga mata maganin a jijiya har zuciyar ta tsaya, a raba da nauyinta. Ɓera kuwa bai dace da wannan aiki ba sam, domin yana jure gubar kwankwani ninkin-ba-ninkin abin da zai kashe kare ko mutum. Wasu zomaye suna da wani abu a jininsu da ke narkar da atirofin, su ci ganyen da zai haukata yaro su kwana lafiya. Mu a Dutsi ba sai an kai mu lakwal ba kafin mu gane wannan. Muna cin fara, muna sayar da ita kwano-kwano a kasuwar Juma'a, amma ko yaro ba ya taɓa farar tumfafiya, mai zanen rawaya, wadda ke cin gubar ta adana a jikinta ba abin da ya same ta. A 1927 ne Trevan a Ingila ya kawo ma'aunin da aka daɗe ana bi: a raba dabbobi rukuni-rukuni, a nemo adadin da ke kashe rabinsu.

Duk wannan, daga kazar kakana har zomayen Fraser, tambaya ɗaya ake yi: nawa ne ke kashewa, cikin wane lokaci? Tambaya ta biyu, wato me guba ke yi wa jini da garkuwar jiki in ba ta kashe nan take ba, sai daga baya ta taso, kuma mai baka ba shi da abin da zai gan ta da shi.

Kwankwani ta shiga wannan babi ta hanyoyi biyu. A 1953 wani masani a Bern ta Suwizalan, Schatzmann, ya zuba gubarta cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya ga sun daina fitar da gishirin sodiyam suna shigo da fotasiyam. Ashe a bangon kowace ƙwayar halitta akwai wani famfo mai wannan aiki, gubar kuma toshe shi take yi. Jens Skou na Denmak ya gano famfon kansa a 1957, aka ba shi lambar Nobel a 1997. Dafin da ya kashe Manjo Marsh ya zama mabuɗin da masana ke kashe famfon da shi in suna son su ga aikinsa.

Hanya ta biyu ta fi ban dariya. A 1949 likitoci a Amurka suka sanar da kotizon, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki in ta yi wa mai ita tawaye, har guragun sanyin ƙashi suka miƙe. Amma daga matsarmamar shanu ake haɗa shi, da wahala da tsada. Sai aka tuna cewa a 1929 an taɓa samun wani sinadari cikin 'ya'yan wata kwankwani wanda zai gajarta aikin. Nan da nan Amurkawa da 'yan Suwizalan da Faransawa suka bazu Afirka ta Yamma suna tsintar kwanso, itacen da mulkin mallaka ya gama hana mutane dafawa ya zama abin nema ruwa a jallo. Aka tarar ba kowace kwankwani ke da sinadarin da yawa ba, ya danganta da yankin da ta fito. Kafin a gama tantancewa, a 1951 da 1952, an sami hanya mafi araha ta wata doyar daji ta Meziko, kasuwar ta watse tun ba ta ci ba.

Labarin da ya fi nuna abin da alkaloyid ke yi wa jini ya faru ne a Kanada. A 1952 aka aiko da ganyen wata fulawa daga Jamaika, 'yar asalin Madagaska, wadda ake dafawa a sha don ciwon sukari. Ita ce wannan mai fure fari ko ja-ja da ake dasawa a farfajiyar ofisoshi da asibitoci a Yamai da Doso. Robert Noble ya ba ɓeraye ruwanta ta baki, sukarinsu bai motsa ba. Da ya yi musu allurarsa sai suka yi 'yan kwanaki suka mutu, jikinsu duk ƙuraje masu mugunya. Ba gubar ce ta kashe su kai tsaye ba. Da aka ƙirga jininsu sai aka ga fararen ƙwayoyin, sojojin jiki, sun kusa ƙarewa, ɓargon da ke haifar su ya mutu, ƙwayoyin cutar da ɓera mai lafiya ba ya ko kula su suka cinye su. Noble ya yi tunanin abin da ke hana fararen ƙwayoyi yaɗuwa zai yi amfani inda suka yi yawa fiye da kima. Shi da Charles Beer suka tace binbilastin, suka sanar a 1958, kamfanin Eli Lilly kuma ya fitar da 'yar'uwarta binkiristin. Da ita ake yi wa yara maganin sankarar jini, da kuma wannan kumburin muƙamuƙi na yaran Afirka da Denis Burkitt ya bayyana daga Yuganda a shekarar 1958 ɗin.

A nan gida sana'ar dafi ta mutu a hankali. Nasara ya hana yaƙi tsakanin garuruwa, ya mai da mazaunin mulki Dogon Dutsi daga Matankari, ya hana shari'ar guba. A dokar laifuka ta Nijeriya har an ambaci ɓawon gwaska da waken Kalaba da sunansu. Bindigar toka ta yi araha. Dajin da ke tsakanin garuruwa ya zama gonakin hatsi da wake, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage na barewa da gada, gwamnati ta rufe farauta shekaru masu yawa, sannan dokar 1998 ta tsara ta da lasisi. Maharban da suka saura yawancinsu magani suke sayarwa, suna fitowa da kayansu ranar biki. Kawuna, wanda ya gaji kwarin, ya tona rami mai zurfi a bayan gari ya binne kiban, don jikoki sun yi yawa a gidan. Na ga hikimarsa, ko da yake na so a ce an kai ɗaya gidan tarihi na Yamai.

Guba dai ba ta bar ƙasar ba, ta sauya hannu ne. Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, a Yamai kuma sobi-lobi, yana nan yana tsirowa a kan juji da kufai, da farin furensa mai kama da kakaki da 'ya'yansa masu ƙaya. A da bokaye ne ke riƙe da ma'auninsa. Yanzu samari ke jefa 'ya'yan cikin shayi ko kunun biki. Na ga wanda aka kawo a amalanke, idanu sun buɗe baƙi wuluk, fata ta bushe ta yi zafi, ba ya iya fitsari, yana kama abubuwan da ba kowa ke gani ba yana tsinke su daga rigarsa. Uwarsa tana cewa iskoki ne, wani dattijo ya sunkuya ya duba idon ya ce, "Hajiya, wannan iskan a juji yake tsirowa." Likitocin Nijar sun rubuta rahoton irin waɗannan tun shekarar 2000.

Gubar zaƙami ma mai saurin nunawa ce. Wadda ta fi damuna a aikin dabbobi ita ce mai tafiyar hawainiya. Akwai ciyayi irin su biya-rana da kalkashin korama masu wani reshen alkaloyid da ba ya sa ko ciwon ciki ranar da aka ci. Hanta ce ke juya shi ya zama guba, ya toshe ƙananan jijiyoyinta, bayan makonni ko watanni dabba ta rame, ciki ya tara ruwa, mai ita ya ce sammu ne ko ciwon hanta na tsutsa. A Afganistan, a tsakiyar shekarun 1970, bayan fari, 'ya'yan wata 'yar'uwar kalkashin korama sun gauraya da alkama a lardin Herat, dubbai suka kamu, ɗaruruwa suka mutu. A ɓera aka tabbatar da yadda abin ke aiki.

Shi ya sa ba na raina binciken da ɗalibai ke yi a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya, ko da yake wasu na yi musu dariyar kiwon ɓera. Tsarin a bayyane yake. A raba fararen ɓeraye rukuni-rukuni, wasu a ba su ruwa zalla, sauran a ɗura musu ruwan tsiron, kaɗan, matsakaici, da mai yawa, kullum, sau da yawa har kwana 28. Sannan a ɗebi jini a ƙirga jajayen ƙwayoyi da farare da masu sa jini ya daskare, a auna alamun hanta da ƙoda, a auna nauyin saifa. In garkuwar jiki ake bi, akan yi wa ɓeran allurar jinin tunkiya a ga ko jikinsa zai yi yaƙi da baƙon yadda ya kamata. Sakamakon yakan saɓa tsakanin bincike da bincike, domin ganyen damina ba na rani ba ne, abin da aka jiƙa a ruwa ba shi ne aka tace da barasa ba, kuma ɓera ba mutum ba ne. Inda nake da ƙorafi shi ne yawancin aikin yana ƙarewa cikin kundin digiri da Turanci ko Faransanci.

Littattafan da suka tara magungunan ƙasarmu suna nan, na Hausawan Adar da Adam da Echard da Lescot suka fitar a 1972, da wanda ayarin Adjanohoun ya yi wa Nijar baki ɗaya a 1980. Sun faɗi sunan itace da ciwon da ake sha dominsa. Mai tallar jiƙo da ke zagaya tashar Dutsi da jarkoki a baro, yana zuba wa direbobi da 'yan kabu-kabu kofi-kofi na maganin basir da na ƙarfin maza, ba ya cikin kowane littafi. Na taɓa tambayar ɗaya daga cikinsu itace nawa ke cikin jarkar, ya ce goma sha biyu, ya lissafa mini bakwai, sauran ya ce sirrin gidansu ne. Yana da masu sha kullum safiya, wasu sun shekara biyar suna sha.